Daga Katsina zuwa Alƙahira da niyyar zama

Ranar da zan bar Katsina Hajiyarmu ce ta ɗaure min kaya da hannunta, ta ƙi yarda kowa ya taɓa. Kuka leda biyu, daddawa an naɗe ta a takarda an sa a roba mai murfi an bi bakin da salatif saboda wari, busasshiyar kuɓewa, yaji, garin kunu, sai wani bargo mai nauyi da na yi ta roƙo a cire shi don tikitina jaka biyu ya ba ni kowacce kilo 23 kuma littattafai sun riga sun cinye rabin ɗaya. Tace "kai dai tafi da shi, ba ka san ƙasar mutane ba." Na yi shiru na bar shi. Farkon watan Disamba ne na 2023, muka kama hanyar Kano da asuba ni da Yaya da ƙanina, daga filin jirgin Malam Aminu Kano jirgi ya ɗauke ni kai tsaye zuwa Alƙahira, tafiyar awa huɗu da wani abu.

Na taɓa fita waje sau ɗaya, Umara, to sai na ɗauka duk abu ɗaya ne. Ashe ba haka ba ne. Wanda ya je ziyara otal yake kwana, ejan ya gama masa komai, kwana goma sha huɗu ya dawo. Wanda ya je zama kuwa shi zai nemi ɗaki, shi zai sayi tukunya, shi zai tsaya a gaban ma'aikaci yana bayanin ko shi waye da takarda a hannu, kuma idan takardar nan ta samu matsala duk sauran abubuwa tsayawa suke cak. Karatu ya kai ni, Azhar, da niyyar in na daidaita in ɗauko maiɗakina da 'yarmu.

Bari in fara da takardun tunda su suka fi cin raina. Kafin ka tashi akwai waɗanda kowa ya sani, fasfo mai sauran aƙalla wata shida, kuma ni shawarata in za ka daɗe ka yi mai shafi 64 na shekara goma kawai ka huta, don kowane sabunta izinin zama shafi yake ci. Biza tun daga gida ake nemanta ta ofishin jakadancin Masar da ke Abuja. Sai katin allurar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, wanda sai allurar ta kwana goma a jikinka kafin ya fara aiki, kar ka bari sai saura kwana uku tafiya ka ce za ka je ka yi. A filin jirgin Alƙahira kafin ma mu kai wurin buga fasfo sai da aka duba shi. Takardun makaranta kuma ba a zuwa da su haka nan tsirara, sai sun bi ta ma'aikatar ilimi ta tarayya, su bi ta ma'aikatar harkokin waje, sannan ofishin jakadanci ya sa nasa hatimin. Duk wannan na yi, na je Abuja sau biyu a kansa, har ina jin na gama da wahala.

Abin da ban duba ba shi ne harafi ɗaya. Sunan mahaifinmu a fasfona da "u" a ƙarshe, a takardar sakandarena babu, kuma a ita takardar sunan garinmu ne a matsayin suna na uku, a fasfo kuwa sunan kakanmu ne. A gida wa zai damu da wannan, kowa ya san kai ne. Amma ranar da na kai takarduna domin a daidaita su da tsarin karatun can, abin da suke kira mu'adala, ma'aikacin ya ajiye fasfo a hannun dama ya ajiye takardar a hagu, ya bi su da bakin biro harafi harafi, sai ya ɗago ya ce min cikin nutsuwa waɗannan mutum biyu ne. Wallahi sai da na ji ƙafata ta yi sanyi. Kuma gaskiyarsa ce, shi bai san ni ba, bai san Baba ba, abin da ke rubuce shi ya sani. Dole ƙanina ya je kotu a gida aka yi takardar rantsuwa cewa sunayen nan duk nawa ne, ya hau mota zuwa Abuja aka bi da ita ta layin hatimi kamar yadda aka bi da sauran, sannan muka jira wani ɗan kasuwa mai zuwa sarin kaya ya taho min da ita a cikin jakarsa. Sati bakwai abin ya ci. Cikin sati bakwai ɗin nan ba rajista, in ba rajista makaranta ba za ta ba ka takardar shaidar kai ɗalibinta ne ba, in babu wannan kuma ba ka da abin da za ka nemi iƙama, wato izinin zama, da shi, ga kwanakin biza suna ta tafiya ina ƙirga su a kalanda kullum dare.

Har ila yau a kan suna, ka zaɓi yadda za a rubuta sunanka da Larabci tun ranar farko ka rubuta a 'yar takarda ka sa a aljihu, duk inda za a cike maka fom ka miƙa a kwafa. Sunayenmu irin su Ɗanjuma ko Ɗanladi ko sunan gari, kowane mai fassara yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, in ka yi sake sai ka wayi gari da suna uku a takardu uku.

Wanda ya tare ni a filin jirgi wani ɗan Damagaram ne da ya shekara shida a can, abokin wani malamina ne, ban taɓa ganinsa ba sai a hoton WhatsApp. Ƙarfe biyun dare ya tsaya yana jirana cikin sanyi da wata jibgegiyar riga a hannu da ya zo min da ita aro. Yana ganina yace "sannu da hanya Malam, sa wannan tukuna sai mu gaisa." A ɗakinsu na yi wata guda a Hayyul Ashir, can cikin Madinatu Nasr, mu biyar a gida mai ɗaki biyu, ba su karɓi ko sisi a hannuna ba sai da na matsa na shiga cikin kuɗin cefane. Duk wanda zai tafi wata ƙasa zama, ko ina ce, ya tabbatar akwai mutum takamaimai da zai tare shi, mai suna da lambar waya da ka ji muryarsa, ba "ai akwai 'yan Najeriya da yawa a can" ba. Akwai su da yawa ɗin, Hayyul Ashir kana tafiya za ka ji Hausa, ka ji yaren 'yan Indunusiya da Malesiya, ka ji na Somaliya, ga kuma gidan ɗaliban Azhar na Madinatul Bu'us ga wanda ya samu gurbi, amma ƙarfe biyun dare da jaka biyu yawa ba ya tare mutum.

Sanyi kuwa, to nan na tuna Hajiya. Mu da muka saba hunturun Katsina muna ganin mun san sanyi, amma namu da rana ta ɗaga shike nan. Nasu a watan Janairu cikin ɗaki yake zama, gidajen siminti ne da tayil an gina su don zafi, babu abin ɗumama ɗaki, da dare sai ka ji cikin gida ya fi waje sanyi, ruwan alwalar asuba kamar an fasa ƙanƙara. Bargon nan da na so a cire shi na kwana ciki wata uku. Sauran kayan sanyi ba sai ka ɗauko daga gida ba, akwai kasuwar gwanjo da ake kira Wikalatul Balah a Bulaƙ kusa da kogin Nilu, ɗan Damagaram ya kai ni na sayi riguna masu kauri biyu da safa, shi ya yi cinikin ni ina gefe ina kallo don da na buɗe baki kuɗin zai tashi.

Maganar buɗe baki, na zo da Larabcina na makaranta, na karanta nahawu na haddace abin da na haddace, na shiga shago na ce wa mai shago "uridu khubzan" sai ya yi murmushi ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ji. Ba wulaƙanci ba ne, mamaki ne, kamar wani ya zo kasuwar Katsina yana magana da irin Hausar labaran rediyo. Burodi a bakinsu "esh" ne, jimun sun mayar da shi "g", ƙafun kuma sun haɗiye shi, "nawa ne" ita ce "bikam", in kana cikin ƙaramar bas kana son sauka sai ka ce "ala gamb yasɗa". Ranar farko da na hau ni kaɗai ban san wannan ba, na wuce inda zan sauka da nisa ina ta neman kalmar da zan faɗa. A cikin bas ɗin kuma babu kwandasta, kuɗin mota daga baya ake miƙo shi hannu zuwa hannu har ya kai direba, canji ma ya dawo ta haka, kuma ban taɓa ganin ya ɓata ba. Sai da na yi wajen wata uku kunnena ya buɗe. Wanda zai zo ya fara sauraron maganarsu ta titi tun yana gida, ko a YouTube ne, zai rage wa kansa wahala sosai. Akwai kuma ranakun da yara a titi za su bi ka da "ya samara" saboda launin fata, ranar farko abin ya tsaya min a rai har na kasa cin abinci, ba zan ɓoye wannan ba don duk mai zuwa zai ji shi, amma a unguwar nan dai akwai tsohuwar da ta aiko mana da abinci ranar da ta ji ɗayanmu ba lafiya.

Kuɗi. A lokacin katin bankina na naira ba ya aiki a waje sam, dala ce kawai na riƙo a hannu kuma ita ta cece ni. Na iso lokacin da kuɗinsu ke cikin rikici, a banki dala ɗaya fam 31 ba ta kai ba, a bayan fage kuwa ta haura haka nesa, kayan masarufi kullum da sabon farashi, sukari ma sai an yi nema. Ranar 6 ga Maris 2024 gwamnati ta saki kuɗin, dala ta koma wajen fam 50 a banki rana ɗaya. A gida kuma naira na ta faɗuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023, wato kuɗin da Yaya ke turo min yana narkewa ta gefe biyu. Lissafin da na yi a Katsina na cewa abin da na tara zai kai ni wata shida, wata huɗu bai cika ba. Yawanci yadda ake karɓar saƙo daga gida shi ne ka tura naira asusun wani a Najeriya shi kuma ya ba ka fam a hannu, to a nan sai ka san da wa kake hulɗa, ka bi wanda tsofaffin ɗalibai suka daɗe da sani, ka fara da kaɗan. Canjin dala a bayan fage kuma laifi ne a dokarsu, ana kama mutane a kai, ni banki nake zuwa in karɓi rasit in adana, kuma rasit ɗin ya yi min amfani don kuɗin iƙama sai da shaidar cewa ta banki ka canza kuɗin waje.

Da na tashi neman gidan kaina saboda iyali, nan ma wani karatun ne. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya koro mutane masu ɗimbin yawa zuwa Alƙahira, haya ta yi tsalle a duk unguwannin da baƙi ke zama, gidan da aka ce min bara kaza ne bana ya kusa ninkawa. Su wata-wata suke biyan haya ba shekara ba kamar mu, wannan sauƙi ne, amma ranar shiga sai ka ajiye na wata, ka ajiye na ajiya da suke kira ta'amin wanda ake mayar maka in ka fita ba ka ɓata komai ba, ga dillali shi ma da nasa, simsar suke ce masa. Kar ka yarda da yarjejeniyar baki ko da mai gidan ya yi ta rantsuwa yana kiranka ɗansa. A rubuta, da sunanka yadda yake a fasfo, a kai ofishin rajistar da suke kira Shahrul Aƙari a buga, don wannan takardar hayar tana cikin abin da ake nema wurin iƙama. Gida biyu na bari da na so su saboda masu su sun ce ba za su je a buga ba. Kafin in sa hannu na ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa, na kunna hitar banɗaki na ga tana aiki, na buɗe kowane famfo, duk ɗan Damagaram ne ya koya min. Sai mai gadin bene, bawwab, wanda ke zaune da iyalinsa a ɗan ɗaki a ƙasa, shi ma da ɗan abin da ake ba shi duk wata, ka gaishe shi da mutunci ka san sunan 'ya'yansa, shi zai tsayar maka da mai tukunyar gas in ya zo wucewa yana buga sifana a jikin tukwanen, ƙarar da na ɗauka faɗa ake yi ranar da na fara jin ta. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayye, cajar da na zo da ita mai ƙafa uku ba ta shiga, ka taho da adafta ko biyu a jakar hannu. Layin waya da fasfo ake saya a shagon kamfanin, kar ka sayi na hannun wani a titi.

Ranar iƙama tun bayan sallar asuba muka fita, da fayil cike da fotokwafin komai uku-uku da ƙananan hotuna masu farin baya, na fi dozin a jakata kullum don ba ka san inda za a ce kawo biyu ba. Mutane ne daga ko'ina, Sudan, Siriya, Yaman, mu. Ka miƙa a ba ka rasit a ce ka dawo, rasit ɗin nan ka riƙe shi kamar ranka, ni har hotonsa na tura wa ƙanina. Zama ba izini ba abin wasa ba ne, a shekarar da na zo gwamnati ta fitar da doka cewa duk baƙon da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba sai ya biya dala 1000 kafin ya gyara zamansa, na ga waɗanda suka yi sakaci shekara da shekaru suka rasa yadda za su yi. Ka tuna kuma hutun mako a can Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki ce, in aka haɗa da hutun Najeriya na Asabar da Lahadi to duk abin da ya haɗa ofishin can da na gida kwana huɗu kawai gare ka a sati.

Abinci bai ba ni wahala yadda na zata ba. Mulukiyarsu lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade zoɓo ne, ful da ɗa'amiyya da safe suna riƙe ciki kuma da araha, koshari ma na saba da shi. Amma kuka da daddawa da manja sai wanda ya zo da su daga gida, ranar da muka tuƙa tuwo da miyar kukar Hajiya har daga Hayyus Sabi'i wasu suka zo. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai da ƙarfi shi ne magani. Kar ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko na ɗan'uwa ne sai ka buɗe ka gani da idonka. Tramadol a can kamar ƙwaya yake a doka, a 2017 an yanke wa wata 'yar Ingila shekara uku saboda shi. In kana da ciwon da kake shan magani kullum ka taho da takardar likita, maganin kuma a cikin kwalinsa.

Ranar da takardata ta fito na tafi masallacin Azhar na yi la'asar na zauna a tsakar gidan nan mai farin dutse har magariba. Masallacin ya haura shekara dubu, kuma mutanen ƙasarmu ba yau suka fara zuwa ba, tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka yi wa ɗalibansu makaranta a wannan birni, a cikin Azhar ɗin ma akwai sashen da aka san shi da sunan Barnawa. Imam Suyuɗi da ya rubuta wa sarkin Katsina wasiƙar nasiha a nan garin kabarinsa yake. Na yi ta tunanin waɗanda suka ratso Sahara da ƙafa da raƙumi suka zo inda na zo cikin awa huɗu, sai zuciyata ta yi sanyi a kan sati bakwai ɗina.

Da lokacin ɗauko iyali ya yi sai ga wata sabuwa, aurenmu kamar na yawancin mutanenmu a ƙofar gida aka ɗaura shi, waliyyai da shaidu da goro, babu wata takarda. To iƙamar mace a kan ta mijinta take hawa, sai da shaidar aure, yarinya kuma sai da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ba katin asibiti ba. Wannan karon ban yi gaggawa ba, na sa aka je kotu aka yi takardar auren, aka turo min hoton kowace takarda kafin a kai ta Abuja, na zauna da biro na bi sunana da nata da na 'yar harafi harafi kamar yadda ma'aikacin nan ya yi min, na samu kuskure ɗaya a ranar haihuwar yarinyar aka gyara tun a gida. Sun sauka a watan Satumba, iƙamarsu ba ta tsaya ko'ina ba.

Kwanan baya wani yaro ɗan unguwarmu ya kira ni yace "Yaya na samu gurbi, me da me zan taho da shi, an ce ana sanyi." Nace masa bar maganar sanyi tukuna, turo min hoton shafin farko na fasfonka da takardar sakandarenka yanzu. Ya turo. A ɗaya Abdullahi, a ɗaya Abdullah. Yanzu haka yana Abuja, jirginsa sai wata mai zuwa, kuma ni zan je filin jirgi da rigar sanyin.